Shekarar da Zakariya Bai Yi Binne Ba

A Garin Gaji, can cikin ƙasar Dungas, idan ka tambayi gidan Zakariya sai a ce maka wanne, don ba shi kaɗai ke da sunan ba. Amma ka ce mai kallon tsuntsaye, ko macen da ke daka ba sai ta ajiye taɓarya ba, da baki za ta nuna maka. Gida ne mai dangar kara, da tsohuwar tsamiya a tsakiya wadda kashin shamuwa ya mayar da gindinta fari fat.

Manomi ne kamar kowa. Da damina gero da wake, da rani ɗan lambun albasa da rake a bakin tabkin gabas da gari, tabkin da ba ya ƙafewa sai shekara ta yi muni ƙwarai. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Abin da ya raba shi da sauran maza wuyansa ne, kullum a ɗage. Tun yana ƙarami ubansa ke ɗora shi kan rumfar tsakiyar gona da majajjawa don ya kori tsuntsaye daga gero, shi kuwa sai ya ajiye majajjawar ya tsaya kallon yadda suke sauka. Ya sha bulala a kan haka, bulalar ba ta gyara komai ba. Ya girma, ya yi aure, ya tara iyali, har furfura ta fara leƙowa a gemu, wuyan nan bai sauko ba. Matarsa Zalika takan ce da ana sayar da kallo a kasuwar Magariya, da tuni sun yi rufin kwano.

Ya san na gida, su zalɓe da balbela da kirinjijiya, har ya san wanda ke rigima da wane a bakin ruwa. Amma ransa yana ga baƙi, waɗanda yake kira 'yan ci-rani. Daga arewa suke zuwa bayan kaka, su ci sanyi a nan, idan zafin bazara ya kankama su cika ciki su yi ƙiba su koma inda suka fito. Akwai ƙanana masu rawayan ciki da ke bin ƙafar shanu suna kaɗa wutsiya, akwai masu siraran ƙafafu da ke tsinta cikin laka. Yawancinsu ba su da suna a bakin mutanen gari, shi ya raɗa musu. Idan ya kawo labarinsu majalisa, a saurara kaɗan, a yi masa dariya kaɗan, a koma zancen tsadar taki.

Tsuntsuwa ɗaya ce ba a yi masa dariya a kanta, ita ce shamuwa. Ita daga kudu take zuwa, gaban damina, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san idan ta sauka ruwa na tafe. Al'adar Garin Gaji ce wanda ya fara ganinta ya kai albishir ƙofar Maigari, a ba shi goro, mai shela ya zaga gari. Daga ranar masu ƙarfin hali ke fita binne, wato su zuba iri cikin busasshiyar ƙasa su rufe, ya kwanta yana jiran ruwan farko. Wanda binnensa ya kama yakan riga kowa cin sabon gero, daidai lokacin da rumbuna suka yi wayam. Wanda kuma ya yi shi da wuri fiye da kima, ya ciyar da ɓera da kurege, ko yayyafi ya tsirar da irin rana ta ƙone shi. Shi ya sa ba a wasa da bakin mai albishir.

Shekara da shekaru goron nan na Zakariya ne, kuma bai taɓa kuskure ba. Sai wata shekara zazzaɓi ya kayar da shi daidai lokacin, Sale mai amalanke, mutumin da bai san bambancin hasbiya da kurciya ba, yana dawowa daga kasuwar Bande ya hango shamuwa a kan kuka ya riga shi. Goro ne kawai, ba sarauta ba, amma Sale ya yi shekara yana taunar sa a majalisa. Duk inda suka haɗu sai ya ce, "Malam Zakariya, in idon ya gaji ka faɗa, a ba yara wuri." Zakariya yakan yi dariya tare da kowa, amma abin ya ci masa rai fiye da yadda ya dace da mai gemu. Ya ƙudurta a ransa baɗi ko da rarrafe ne shi zai kai labarin.

Wadda ta fi kowa zolayarsa a kan haka ita ce Ƙande, matar wansa Modu da ya rasu ya bar ta da marayu. Akwai wasa tsakanin mace da ƙanen mijinta, Ƙande kuwa ba ta taɓa barin nata ya huce ba. Sarkin Tsuntsaye take kiransa, ko a gaban baƙi. Idan ya shiga gaishe ta sai ta ce a kawo wa Sarki tsaba, ai ba ya cin tuwo. Amma duk zolayar nan, a garin babu mai riƙe maganarsa kamar ita. Ba ta da namijin da zai taya ta noma, rumbunta shi ke fara ƙarewa, saboda haka binne ne rufin asirinta. Kuma irin da ke hannunta ba na kasuwa ba ne. Gero ne mai gashi wanda tsuntsu ba ya iya ci, uban su Zakariya ya yi ta zaɓen zangarniyarsa tun yana saurayi, ya rasu ya bar wa 'ya'yansa maza. A duk ƙasar gidan Zakariya da gidan Ƙande ne kaɗai ke da shi.

Shekarar da ake zancenta, zafi ya sauko da wuri. Wata ranar Alhamis da yamma Zakariya ya gama ban ruwa yana wanke ƙafa, sai ya hango wani abu tsaye a ɗaya gefen tabkin. Rana ta yi ƙasa, inuwa ta rufe wurin, amma ya ga baƙin jiki da farin ciki da dogon wuya. Ya miƙe tsaye yana kallo. Wani abu a ransa ya ce masa da saura kusan wata guda, ya kuma ce shamuwa ba ta zuwa ita kaɗai ta raɓe a bakin ruwa, kan bishiyar gari take sauka kamar mai gida. Wani abu kuma ya ce masa Sale yana kan hanyar dawowa daga kasuwa, kuma hanyar ta bakin tabkin take bi. Na biyun ya fi ƙarfi. Ko takalmi bai tsaya sawa ba.

Maigari dattijo ne mai tsantseni. Ya dube shi ya ce, "Zakariya, ka tabbata? Da saura fa."

"Ranka ya daɗe, ni ne fa," in ji Zakariya.

Wannan ta isa. Aka ba shi goro, mai shela ya zaga kafin magariba. Tsofaffi suka ce ai an taɓa yin haka zamanin iyayensu, shamuwa ta yi sammako, ruwa ma ya yi. Shekarun nan da damina ba ta da alƙawari, wa zai yi musu? Zakariya ya kwana da daɗi a ransa.

Da gari ya waye ya koma tabkin don ya ƙare mata kallo. Ya bi ta cikin rake a hankali, ya tsuguna. Tana nan, hasken safiya ya sauka a kanta sosai. Bakinta ja wur, dogo. Ƙafafunta ja tun daga sama har ƙasa. Ta fi kowace shamuwa da ya sani tsawo, gashin wuyanta yana sheƙin kore da shuɗi idan ta juya. Da ya ɗan motsa, tun daga nesa ta tashi, ya ga bayanta baƙi ƙirin, babu farin nan da shamuwa ke da shi a ƙugu. Ta kewaya ta sauka can nesa.

Gaskiya ita ce abin da ya fara ji murna ne. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin tsuntsuwa irin wannan ba, kuma ya san ba lalle ya sake gani ba. Ya daɗe a tsugune baki buɗe. Sai daga baya ya tuna da goron da ke aljihunsa. Wannan baƙuwa ce mai wucewa, 'yar ci-rani, arewa ta nufa. Ba ta da wani labarin ruwa da ta kawo wa kowa.

Ya kamo hanyar gari da niyyar ya wuce ƙofar Maigari kai tsaye. Wallahi da niyyar ya taso. Amma tun kafin ya kai bakin gari ya fara cin karo da mutane, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar iri a kai. Wannan ya ɗaga masa hannu, wancan ya sa masa albarka. Sale ma da kansa ya tsayar da jaki ya ce, "To, na sallama, mai abu ya karɓi abinsa." Kowane taku maganar sai ta ƙara nauyi a bakinsa. Sai ga Ƙande da 'ya'yanta mata, ta sha ɗamara.

"Sarkin Tsuntsaye ya dawo kan gadonsa," in ji ta. "Yau sai gonar kusa, in mun gama mu faɗa ta bakin kwari. Kai yaushe za ka fita?"

Ya buɗe baki. Kalma kaɗan ce, Yaya ki dakata. Ya dubi fuskarta, ya dubi mutanen da suka tsaya suna jin wasan nasu suna murmushi.

"Ƙotar sungumina ta karye," ya ce. "Sai na gyara."

"Ragon Sarki," ta ce, ta wuce tana dariya.

Ƙotar lafiyarta lau. Da ya isa gida sai ya ɗauke sungumin ya cusa bayan rumbu. Zalika ta tambaye shi ko ta sussuka irin, ya ce bayansa ke ciwo, a bari tukuna. Ta dube shi, ta koma aikinta. Abin da ya fi muni ke nan a labarin, kuma shi ma ya sani: bakinsa ya kasa tsayar da kowa, amma hannunsa ya san yadda zai tsare nasa irin. Ya dinga lallashin kansa da cewa wataƙila ruwan ya zo da wuri duk da haka, Allah ya rufa masa asiri, ba wanda zai sani. Bai taɓa roƙon ruwa da naci irin na kwanakin nan ba, kuma ba don gero yake roƙo ba.

Ranar Asabar wata mata ta zo tabkin a bayan babur. Sunanta Balkisu, tana koyarwa a wani kwaleji a Magariya, kuma ita ma ciwon kallon tsuntsaye gare ta. Ta ji a kasuwa an ce shamuwa ta yi sammako a Garin Gaji, abin ya ba ta mamaki, ta zo ta gani da idonta. Tana rataye da madubin hangen nesa da take kira jumel, da na'urar ɗaukar foto mai dogon baki. Zakariya ya so ya ɓuya cikin rake, amma ta riga ta gan shi.

"Baba, sannu da aiki. An ce akwai shamuwa a nan."

Da ya yi shiru ya nuna mata da hannu kawai, da ya tsira. Amma ta miƙa masa jumel ɗin, ya kafa a ido, tsuntsuwar ta zo masa kusa har yana ganin jan da ke kewaye da idonta. Shekara nawa yana ba da labarin tsuntsaye ana yi masa dariya, yau ga wadda ke tambaya tana jiran amsa. Bakin da ya mutu a gaban Ƙande sai ya buɗe. Ya ce, "Madam, wannan ba tamu ba ce. Dubi baki, dubi ƙafa. Bari ta tashi ki ga bayanta." Ya gaya mata ranar da ta sauka, da abin da take ci, da yadda take gudun mutum. Suka yi hira har rana ta take, bai taɓa jin daɗin hira haka ba. A daidai lokacin Ƙande tana gonar bakin kwari tana zuba sauran irinta, tazarar da ko kira ya ƙwala za ta ji.

Bayan kwana kaɗan baƙuwar ta tashi, ba a sake ganinta ba. Tsamiyar gidan Zakariya kuwa shiru, babu shamuwa ko ɗaya. Mutane suka fara ɗaga kai suna dubawa. Sai wata rana da la'asar hadari ya haɗu, aka yi yayyafi, wanda ya isa ya jiƙa bayan ƙasa kawai. Zakariya ya fito tsakar gida yana hamdala kamar wanda aka yi wa bushara da Makka. Iri ya tsiro, gonaki suka yi kore siriri. Daga nan sama ta washe, rana ta buɗe wuta. Yana ji yana gani tsiron ya yi rawaya, ya kwanta, iska ta share shi. Ya daina bin hanyar gonar Ƙande, yana zagayawa ta bayan maƙabarta.

Duk da haka ba wanda ya zarge shi. Aka ce ikon Allah ne, aka ce ko shamuwa bana ta rikice kamar damina. Wasu har jaje suke yi masa, wai kada ya sa abin a ransa. Jajen nan ya fi zagi ciwo, amma ya karɓa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, maza na zaune a ƙofar Maigari, sai ga Balkisu ta dawo da fara'arta. Ta durƙusa ta gaida Maigari, ta ce ta zo godiya ne. Ta aika foton ga masana, sun ce baƙar shamuwa ce ta ƙasashen Turai, mai wuyar gani, da wuya a samu wanda ya taɓa ganinta a wannan yanki. Wayarta ta zaga hannu zuwa hannu, kowa na kallon jan baki da jan ƙafa.

"Ranka ya daɗe, kuna da masani a garin nan," ta ce. "Ni da na zo ban tabbata ba. Baba Zakariya ne ya ce min, Madam, wannan ba tamu ba ce. Tun ranar ya sani, kallo ɗaya ya yi mata."

Ita ba ta san zancen binne ba, baiwar Allah, yabo ta zo yi. Ta ga dai wurin ya yi tsit. Maigari ya tambaye ta a hankali wace rana ce, ta ce Asabar ɗin farko. Kowa ya tuna a Asabar ɗin nan yana gona yana binne. Zakariya yana zaune kansa a ƙasa, da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya jira Sale ya yi masa dariya, da ma ya yi, da ya fi sauƙi. Sale bai yi dariya ba. Cewa ya yi kawai, kamar mai magana da kansa, "Ashe ƙotar ba ta karye ba."

Ba a kai shi ƙara ba, ba a zage shi ba, Maigari ma bai ce masa komai ba. Mutane suka nemi iri inda za su samu, wasu kasuwa, wasu wajen dangi a ƙetaren iyaka. Ana gaishe shi yana amsawa. Zancen tsuntsaye ne kawai ya mutu a majalisa, ko dariyar da ake yi masa da can ya nema ya rasa. Zalika ta ciro sungumin daga bayan rumbu ta jingine a ƙofar ɗakinsa, inda zai gan shi duk fita da shiga.

Shamuwa ta gaskiya ta zo a lokacinta. Da sassafe Zakariya ya ji motsin fukafukai a kan tsamiya, ya fito, ga su nan suna gyara tsohuwar sheƙa, baki toka-toka, fuska shuɗiya, farin ƙugu, babu abin shakka. Shi ya fara gani a duk garin. Bai je ƙofar Maigari ba. Rumbu ya buɗe, ya fito da irin ubansa gaba ɗaya, aka sussuke ya zuba a buhu, ya ɗora wa jaki ya nufi gidan Ƙande.

Ta shimfiɗa masa tabarma, abin da ba ta taɓa yi ba, don da can cewa take Sarki ya hau reshe. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam Zakariya. Ina kwanan iyali?" Sunan nan ya soke shi. Ya sauke buhun a gabanta, ya ce, "Yaya, na sani tun Juma'ar farko. Na gan ki da ƙwarya a kai, na yi shiru. Kunya ce ta hana ni, kuma na tsare nawa. Ba ni da abin cewa."

Ta jawo buhun. Ta kwance bakinsa, ta ɗebi tsabar a tafin hannu ta shinshina. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Shamuwa biyu suka wuce ta saman gidan, ta bi su da ido.

"Sun zo," ya ce a hankali. "Su ne, wallahi."

"Na gani," in ji ta. Ta tashi ta ɗauko ƙwarya, ta fara ɗiban irin tana zubawa cikin tukunya, har buhun ya yi rabi. Ta ɗaure bakinsa ta tura masa.

"Yaya, duka na kawo miki."

"Mayar da rabi. In ba ka da abin shukawa, ta ina zan san ranar fita?"

Washegari ya saɓa sungumi, Zalika na biye da ƙwarya, suka bi ta tsakiyar gari. Ba a yi shela ba. Amma yana wucewa yana jin ana buɗe ƙofofi a bayansa, yana jin ƙarar sungumi ana ɗauka, kuma da ya kai bakin gari ya ji muryar Ƙande tana kiran 'ya'yanta su fito. Shamuwa na ta kewayawa a sama, inuwarsu na wucewa kan rairayi a gabansa. Inuwar ya bi da ido har gona.